Jadawali Mai Faɗi da Dalilin Jinkirinsa



Batun da za mu tattauna yau ƙarami ne a ido, amma da wuya a sami wanda bai taɓa ɗanɗana zafinsa ba. Mutum ya kan buɗe manhaja a intanet domin ya duba jadawalin sakamakon jarrabawa, ko na albashi, ko na kuɗin shiga, sai shafin ya tsaya cik. Ya latsa, ba amsa. Ya gungura gefe, sai ya ga fili fari fat. Nan da nan sai a ɗora wa hanyar sadarwa laifi, kuma wani lokaci laifinta ne. Amma sau da yawa bayanan sun riga sun iso na'urar tun tuni, abin da ya rage kawai shi ne a shimfiɗa su bisa allo, nan kuwa aikin ya ke cijewa. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da mu ke so mu nuna muku shi ne jinkirin jadawali mai faɗi magana ce ta lissafi, maganinsa kuwa shi ne a rage abin da a ke tilasta wa na'ura ta zana, kuma wannan nauyi ya rataya a wuyan mai gina manhaja da mai ba da umarnin a gina ta gaba ɗaya.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi. Jadawali yana da layuka, watau jerin da ya kwanta daga hagu zuwa dama, yana kuma da ginshiƙai, watau jerin da ya tsaya daga sama zuwa ƙasa. Inda layi da ginshiƙi suka haɗu shi ne gurbi. In mun ce jadawali mai faɗi, muna nufin wanda ginshiƙansa suka yi yawa har ba sa shiga allo sai an gungura gefe. Burauza ita ce manhajar da mu ke buɗe shafi da ita, kamar Chrome ko Firefox. Firemwok kuwa tamkar masaƙa ce da aka riga aka kafa, mai gina manhaja ya zo da zarensa ya ɗora. Daga cikin sanannu akwai React da Angular da Vue, waɗanda ke aiki cikin burauza, da kuma Django da Rails da Laravel, waɗanda ke aiki can wajen uwar garke, watau babbar kwamfutar da ke aiko da bayanai.

Bari mu ɗan waiwayi tarihi, domin a cikinsa akwai darasi. A shekarar 1979 Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a Amurka, manhajar jadawalin lissafi wadda ta yi aiki bisa kwamfutar Apple II. Jadawalinta yana da ginshiƙai 63 da layuka 254, alhali allon wannan kwamfuta bai wuce haruffa 40 a faɗi ba. Saboda haka tilas suka mai da allon ya zama taga: a nuna ɗan yankin da mutum ke dubawa, in ya matsa, tagar ta matsa tare da shi. Bisa wannan tafarki Excel ta bi, har ta kai daga shekarar 2007 tana ɗaukar ginshiƙai 16,384 da layuka 1,048,576, ba kuwa ta zana sai abin da ke gaban ido.

Yanar gizo kuwa da wata manufa dabam aka haife ta. Lokacin da Tim Berners-Lee ya gabatar da shawararta a 1989, a cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan, abin da ya sa gaba shi ne musayar takardu tsakanin masana. Ko da jadawali ya shiga ƙa'idar HTML 3.2 a 1997, an ɗauke shi a matsayin ɗan jadawalin da ke cikin rahoto, wanda a ke shimfiɗawa gaba ɗaya daga kai har ƙafa. Daga baya ne muka kwashe ayyukan ofis muka kai su intanet, muka ɗora wa jadawalin takarda kayan da aka ƙera jadawalin lissafi domin ɗauka. Asalin wahalar ke nan.

To, sai mu zo ga lissafi. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. A ɗauka an ce mu gina shafin da zai nuna kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata na tsawon shekara biyar. Layuka 774 ke nan da ginshiƙai 60, gurabe kuwa 46,440. Ku lura da cewa tsawo da faɗi ba tara su a ke yi ba, ninka su a ke yi. Duk ginshiƙi guda da aka ƙara, an ƙara gurabe 774 a lokaci ɗaya. Har wa yau, gurbin manhajar zamani ba ya zama shi kaɗai. A kan sa masa abin riƙe adadi, da alamar hawa ko sauka, da maɓallin gyara. In kowane gurbi ya zama abu huɗu, burauza za ta riƙe abubuwa 185,760, alhali kuwa ma'aunin Lighthouse na kamfanin Google a da ya kan yi gargaɗi tun shafi yana da abubuwa wajen 800, ya kan kuma ɗauki wajen 1,400 a matsayin sun yi yawa. A ɗauka kuma kowane gurbi yana cin kashi ɗaya cikin goma na milisakan, watau sakan guda an raba shi dubu goma an ɗauki ɗaya. Duk da ƙanƙantar wannan, jimillar ta haura sakan huɗu da rabi. A wayar da ta fi wannan kwamfuta nawa sau huɗu, jiran ya haura sakan goma sha takwas. Nawa ne kuma ido ke iya gani a lokaci guda? In allo ya ɗauki layuka 25 da ginshiƙai 10, gurabe 250 ke nan, ko kashi ɗaya cikin ɗari ba su kai ba. Sauran duka an sha wahalar zana su ne ga wanda ba ya kallonsu.

Mece ce burauza ke yi cikin wannan lokaci? Da fari ta kan gina bishiyar shafi, wadda masu sana'ar ke kira DOM, inda kowane abu ke da reshensa. Sa'an nan ta lissafa suturar kowane reshe, watau launinsa da girman haruffansa, bisa dokokin CSS. Kana ta yi awo, ta san faɗin kowane abu da inda zai zauna. Daga ƙarshe ta shafa launi ta haɗa hoton. Mafi yawan waɗannan ayyuka, tare da gudanar da umarnin JavaScript da sauraron latsawar mai amfani, hannu guda ne ke yin su, ɗaya bayan ɗaya. Muddin wannan hannu yana awon gurabe dubu arba'in, ba zai amsa latsawarku ba. Galibin alluna su kan sabunta hoto sau 60 cikin sakan guda, watau hannun yana da milisakan kusan 17 kacal ga kowane hoto. In ya wuce haka, sai ku ga shafi yana ɗingishi. Hannu ɗaya, in ji Hausawa, ba ya ɗaukar jinka.

Wajen awo ne faɗi ya fi cutarwa. Ƙa'idar CSS 2 ta 1998 ta ba da hanya biyu ta auna jadawali. Hanyar farko, wadda burauza ke bi in ba a gaya mata kome ba, ita ce ta bar abin da ke cikin gurabe ya yanke faɗin ginshiƙi. Ma'anar haka ita ce ba za ta san faɗin ginshiƙi na farko ba sai ta leƙa kowane gurbi nasa har layin ƙarshe, haka kuma ga sauran ginshiƙai, sa'an nan ta raba fili tsakaninsu. Canji a gurbi guda yana iya sa a sake wannan aiki. Hanya ta biyu ita ce tsayayyen awo, inda a ke ɗaukar faɗi daga abin da mai gini ya faɗa ko daga layin farko, a wuce. Akwai kuma wata ɓarna da masu gini kan jawo da hannunsu: su tambayi burauza faɗin ginshiƙi, su canza shi, su tambayi na gaba, su canza shi. Kowace tambaya da ta biyo bayan canji tana tilasta wa burauza ta sake awo nan take. Ginshiƙai 60, awo 60, alhali da an yi tambayoyin duka a jere kana a yi canje-canjen duka, da awo ɗaya ko biyu ya isa.

Yanzu sai rabon firemwok cikin wannan jinkiri. Alkawarin da ta yi wa mai gini shi ne, kai dai ka canza bayanai, ni zan gyara allo. Alkawari ne mai daɗi, amma yana da farashi, kuma gurbi-gurbi a ke biyansa. AngularJS, wadda Google ta fitar a 2010 kuma aka daina kula da ita a ƙarshen 2021, ta kan sa wa kowane adadi mai gadi. Duk lokacin da wani abu ya motsa sai ta zagaya masu gadin duka tana tambaya ko an sami canji, in an samu ta sake zagayawa har abubuwa su lafa. React, wadda Facebook ta saki a 2013, ta kan sake tsara kwafin bishiyar cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ta gwada shi da na baya, ta gyara inda suka bambanta kaɗai. Dabara ce mai kyau, sai dai in an ajiye bayanin gurbin da a ke gyarawa can saman jadawali, harafi guda da ma'aikaci ya buga yana iya sa a sake tsara gurabe dubu arba'in da shida domin a gano cewa ɗaya ne ya canza. Vue, ta 2014, ta kan lulluɓe bayanai da abin sa ido domin ta san wanda ya dogara da wane, lulluɓe tarin bayanai kuwa shi ma aiki ne. Svelte, ta 2016, ta rage wannan hidima ta hanyar yin yawancin shiri tun wajen gini. Amma ko wacce aka ɗauka, in an miƙa wa burauza abubuwa dubu ɗari da tamanin, sai ta yi musu sutura da awo. Saboda haka wanda ya yi ƙaura daga wannan firemwok zuwa waccan bai rage gurabe ba, ya sauya jaki ne kaya na nan yadda su ke.

Kada mu manta da ɓangaren uwar garke. Mai gini ya kan ce wa rumbun bayanai ya kawo duk ginshiƙan da ke akwai, ko da goma kaɗai za a duba. Ya kan kuma faɗa wani tarko sananne: ya ɗauko layuka 100 da tambaya guda, sa'an nan ga kowane layi ya sake komawa rumbu ya tambayo sunan sashe. Tambayoyi 101 ke nan. In ginshiƙai biyar ne ke bukatar irin wannan komawa, sun zama 501. Django da Rails da Laravel duk suna da hanyar ɗauko irin waɗannan bayanai a dunƙule, sai dai tilas mai gini ya nema. Abin lura kuma, kariyar da aka saba ginawa ta tsawo ce. Shafin gudanarwa na Django, alal misali, layuka 100 ya ke nunawa a kowane shafi in ba a canza ba. Wannan ya tsare ƙofar tsawo, ta faɗi kuwa tana buɗe.

To, mene ne magani? Na farko shi ne awo kafin gyara, domin sai an gwada a kan san na ƙwarai. Cikin kowace burauza akwai kayan binciken da ke nuna inda lokaci ya tafi, ko jiran uwar garke, ko umarnin JavaScript, ko awo. Na Chrome har yana iya rage ƙarfin kwamfutar mai gini sau huɗu ko sau shida, domin ya ji abin da mai ƙaramar waya ke ji. Ma'aunin haƙurin ɗan Adam kuma sananne ne tun binciken Robert Miller na 1968, wanda Jakob Nielsen ya yaɗa a 1993: kashi ɗaya cikin goma na sakan, mutum ya ji kamar nan take ne, sakan guda, tunaninsa bai yanke ba tukuna, sakan goma, hankalinsa ya koma wani wuri. A watan Maris na 2024 Google ta sa saurin amsa latsawa cikin manyan ma'aunanta na ingancin shafi, ta kuma ɗauki milisakan 200 ko ƙasa da haka a matsayin mai kyau.

Na biyu, kuma mafi girma, shi ne komawa ga tagar VisiCalc. A zana abin da ke gaban ido da ɗan ƙari kaɗan a gefe, sauran wurin a bar shi fili mai girman da ya dace, in mutum ya gungura a cika. Nan ne mutane da yawa kan tsaya a rabin hanya, su yi wa layuka taga su manta da ginshiƙai. A misalinmu, tagar layuka kaɗai ta bar gurabe 35 sau 60, watau 2,100. Da ginshiƙan za su kai 300, da sun zama 10,500, jinkiri ya dawo ta bayan gida. Amma in an yi tagar ta fuska biyu, layuka 35 da ginshiƙai 14, gurabe 490 ne, kome faɗin jadawalin. Daga 46,440 zuwa 490, an rage aikin kusan sau 95. Kayan yin haka suna nan a shirye, kamar react-window na Brian Vaughn, da TanStack Virtual, da AG Grid. Wasu ma sun wuce nan, kamar Google Sheets, wadda ke zana gurabenta a matsayin hoto bisa kanbas, ba ta ba kowane gurbi reshensa ba.

Sai dai gaskiya ta wajabta mu faɗi cewa taga tana da nata hasara. Abin da ba a zana ba, neman kalma na burauza ba zai same shi ba, sai an gina wa jadawalin nasa abin nema. Bugawa bisa takarda tana bukatar shiri dabam. Makaho mai amfani da manhajar karanta allo kuma tilas a sanar da manhajarsa ainihin yawan layuka da ginshiƙai, in ba haka ba ya zaci jadawalin ya ƙare a layi na 35. Saurin da ya kori makaho daga aikinsa ba ci gaba ba ne.

Na uku, ƙananan gyare-gyare masu tara riba: a yi amfani da tsayayyen awo, a bar gurbi ya zama rubutu zalla, maɓallin gyara ya fito sai an latsa, a ajiye bayanin gurbin da a ke gyarawa cikin gurbin kansa, a tsara kwanan wata da alamar kuɗi sau ɗaya a ajiye, jerawa da tacewa kuwa a bar wa rumbun bayanai, domin aikin da aka gina shi dominsa ke nan.

Na huɗu, a nan ne maganarmu ta iso gare ku, matasan ma'aikata, ko da ba ku taɓa rubuta umarnin kwamfuta ko layi guda ba. Ginshiƙai ba su haifar kansu. Kowane ɗaya daga cikinsu wani ne ya zauna a taro ya ce a ƙara. Wannan sashe ya nemi uku, wancan ya nemi biyar, ba wanda ya ce a cire, har jadawali ya zama akwatin da kowa ke jefa kayansa. Mai biyan albashi yana bukatar ginshiƙai takwas, mai binciken kuɗi yana bukatar wasu goma dabam, amma an haɗa musu sittin wuri guda. Masu saƙar gargajiya a ƙasar Hausa su kan saƙa zane siriri-siriri, sa'an nan a ɗinke in ana son mai faɗi. Haka ya kamata a yi wa jadawali: kowane aiki a ba shi nasa ginshiƙan, cikakken bayanin layi ya buɗe sai an nema, wanda kuma ke son duka domin nazari a ba shi hanyar sauke fayil ya buɗe a Excel.

Kada ku ce sakan biyar ba kome ba ne. Ma'aikacin da ke buɗe shafi sau 40 a yini, yana jiran sakan biyar kowane karo, ya yi asarar sakan 200. In ma'aikata 100 ne, an zubar da sama da awa biyar da rabi kullum, ga jama'a tsaye bakin kanta suna jira. Abin da ya fi wannan muni shi ne kuskure: shafi mai ɗingishi ya kan motsa bayan an latsa, adadi ya faɗa gurbin da ba nasa ba, makin wani ya koma ga wani, ko haƙƙin wani ya ragu. Daɗin daɗawa, in ba a gane cutar ba, sai a nemi kuɗin sayen sababbin kwamfutoci daga dukiyar jama'a, bayan shekara guda kuma a ƙara ginshiƙai ashirin, a koma gidan jiya.

Saboda haka, ranar da takardar kwangilar manhaja ta zo teburinku, muna roƙonku ku yi tambaya huɗu. Ginshiƙai nawa wannan aiki ke bukata da gaske? Gurabe nawa a ke zanawa lokacin da shafin ya buɗe? An gwada shi da cikakkun bayanai na ainihi, ko da layuka goma na gwaji? An gwada shi bisa wayar da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ke riƙewa, ko bisa kwamfutar mai gini kaɗai? Ku sa a rubuta amsoshin cikin yarjejeniya, da adadi, kafin a biya. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai masu koyon wannan sana'a, ku saba da ninka layuka da ginshiƙai tun kafin ku fara gini, ku kuma koyi aikin burauza kanta, domin firemwok ta kan zo ta wuce, kamar yadda AngularJS ta wuce, amma lissafin gurabe yana nan daram.